Sharar masallaci da kuɗin shara

Ana saura kamar kwana 10 shekarar Hijira ta 1446 ta ƙare, wato cikin watan Yuni na 2025, limamin unguwarmu a nan Birnin Ƙonni ya tsayar da jama'a bayan sallar magariba, ya ce akwai gayya ranar Asabar mai zuwa. Za a fitar da duk abin da ke cikin masallaci, a share, a wanke tabarmi, a gyara indararo, sa'annan a yi wa bango da rufi sabon yaɓe tun damina ba ta kankama ba. An zaɓi Asabar domin ma'aikata ba su zuwa biro, kuma Lahadi ƴan kasuwa na ƙetarawa cin kasuwar Illela ta Najeriya. Liman ya ce yana son sabuwar shekara ta tarar da ɗakin Allah fes. Jama'a suka amsa da madalla, ni ma na amsa tare da su, alhali tun ban sa takalmina ba na riga na yanke shawarar cewa ba za a gan ni a wurin ba.

Ya ku masu karatu, sai na gaya muku dalili, ko da yake ba abin alfahari ba ne. Ina da taubashi, ɗan gwaggona, wanda muka tashi tare tun muna yawo da ɗan kamfai. Ni aka kai lakwal na zama malamin gona, shi ya bi kasuwa ya zama falken albasa, yana saye a Galmi da ƙauyukan gundumar Malbaza yana kaiwa kudu. A bazarar 2023 ya nemi in ƙara masa jari, na ba shi jika 400 daga ɗan abin da na tara domin ranar barin aiki. Bayan juyin mulkin 26 ga watan Yuli na shekarar, ƙungiyar CEDEAO ta sa wa Nijar takunkumi, aka rufe iyakoki, motar da ta ɗauko kayansa ta maƙale a hanya, albasa ta ruɓe a cikin buhu. Iyakar Ƙonni da Najeriya ba ta buɗe ba sai watan Maris na 2024. Na san duk wannan, domin a gabana aka yi. Duk da haka, da na ga wata 4 sun shige bai ce mini uffan ba, sai na aika masa da magana mai zafi ta bakin wani, shi kuma ya maido mini da wadda ta fi ta zafi. Daga ranar muka daina gaisawa. Masallaci ɗaya muke salla, shi a dama da liman, ni a hagu, kowa ya san ƙofar da zai fita don kada mu yi karo.

Abin da ya fi yi wa tsofaffin gidanmu ciwo shi ne maganar shara. Duk Bahaushe ya san cewa idan watan cika-ciki ya kama, taubasai da sauran abokan wasa suna bin juna kuɗin shara. A gidanmu ɗan mace ne ke zuwa gidan ɗan namiji, ya ɗauki tsintsiya ya yi kamar yana share ƙofa, ya yi ta tsiya da ba'a har sai an sallame shi da ɗan abin goro. Ni ne ɗan namiji, saboda haka ni nake biya, kuma tun muna samari bai taɓa bari shekara ta wuce ba, ko yana Akara sai ya aiko a karɓa masa. Wannan wasa na dangi shi ne hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya da sunan Nijar a shekarar 2014, mu kuwa mun gaje shi tun ba a san da wata hukuma ba. Muharram na 1446 ya zo ya wuce, taubashina bai zo ba, ni ban aika ba. Gwaggo ta kira ni ta ce: “Ɗana, ashe zan ga wannan da idona?” Na sunkuyar da kai, na ce mata a yi haƙuri, ban kuwa yi komai ba.

To, da aka yi shelar gayya, sai na ga hanya mafi sauƙi ita ce in sayi kaina. Na sa jika 5 a ambulan na ba ƙaramin ɗana ya kai wa ladan, ya ce masa ina fama da ciwon baya, a ɗauki lebura a madadina. Ba a jima ba sai ga tsohon da kansa a ƙofar gidana, yana dogara sanda. Ya ce: “Malam, kuɗinka sun iso, za mu sayi goro da sukari, Allah ya saka da alheri. Amma lebura ba shi da sahu a masallacin nan, kai ke da shi. In bayanka na ciwo, zo ka riƙe mana tsani.” Ya juya ya tafi bai jira amsa ba.

Daren nan barci ya ƙaurace mini, sai na tuna da wani saurayi ɗan ƙasar Japan, cikin masu aikin sa kai da ƙasarsu ke aikowa, wanda muka yi aiki tare a fadamun noman rani cikin shekarun 1990, zamanin da albashi kan yi watanni bai fito ba. Wata safiya a ƙarshen Disamba na iso biro na tarar ya fitar da tebura da kujeru waje, ya ɗaure hanci da ƙyalle, yana kakkaɓe yana daga rufi. Na ce masa ai akwai mai shara, kuma gwamnati ke biyansa. Ya yi dariya ya ce a ƙasarsu ba a shiga sabuwar shekara da ƙurar tsohuwa, kuma ba a ba wani kwangilar wannan aiki. Kunya ta sa muka kama masa, mu 6, har da shugabanmu.

Da muka zauna shan shayi ya ba mu labari. Ya ce tun zamanin sarakunansu na da, ranar 13 ga Disamba ce ranar fara babbar shara a gidaje da wuraren ibada. A birnin Kiyoto akwai manyan ɗakunan ibada 2 na mabiya addinin Buda, Higashi Honganji da Nishi Honganji, inda ranar 20 ga Disamba mutane ke taruwa tun da asuba, su jeru sahu guda, kowa da tsumagiyar gora a hannu, suna tafiya a duƙe suna dukan tabarmin daɓe, wasu kuma na biye da manyan mafitai suna kora ƙurar waje. A wuraren da suke zaman shiru domin tattara hankali, shara na cikin ibadar kanta, babban malami da sabon almajiri duk suna riƙe tsintsiya. Daren ƙarshe na shekara kuma sai a buga ƙararrawa sau 108, adadin miyagun sha'awoyin da suka ce suna damun zuciyar ɗan Adam. Ya ƙara da labarin wani almajirin Buda mai nauyin kai, wanda ya yi watanni ya kasa hardace ɗan baiti guda, har ɗan'uwansa ya kore shi. Malaminsu ya ba shi aikin share ƙura kawai, ya ce ya lura da abin da yake yi, kuma ta nan ya gane abin da masu kaifin harda ba su gane ba.

Addininsu daban, namu daban, kuma ban kawo wannan labari don in haɗa su ba. Na kawo shi ne domin a ranar na ce wa baƙon nan mu ma muna da irin wannan, har na yi masa gori. Na gaya masa yadda ake wanke cikin Ka'aba da ruwan Zamzam gauraye da ruwan wardi, manyan ƙasa da kansu suke riƙe ƙyalle, zuriyar Shaiba na buɗe musu ƙofa. A yanzu ma cikin Muharram ake wankin, kuma tun daga shekarar 1444, wato 2022, ranar 1 ga Muharram ake sauya wa Ka'aba riga. Na gaya masa labarin matar nan da ke share masallacin Madina, wadda ta rasu aka rufe ta ba a sanar da Annabi ba, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ya nemi ta ya rasa sai ya sa aka nuna masa kabarinta ya je ya yi mata salla. Duk na faɗi wannan da ƙarfin murya ina saurayi. Ga shi yau, da furfura a gemu, ina neman in ba wani jika 5 ya je ya tsaya mini a gaban Allah da tsintsiya, don kawai kada in haɗa ido da ɗan gwaggona.

Ranar Asabar bayan sallar asuba ban koma gida ba. Masallacinmu na ƙasa ne, iyayenmu suka gina shi da tubali, rufin azara, ginshiƙi 4 a tsakiya. Mun fara da fitar da kaya: tabarmi, dardumai, buzun liman, randuna 2, butoci, da akwatin da ake ajiye Alƙur'anai, wanda aka ba almajirai masu alwala suka ɗauka. Da aka ɗaga tabarmin sahun baya, abin da muka gani ya sa kowa ya yi shiru. Gara ta yi hanya daga gindin bango har ta kama azara 2, kashin jemage ya taru a bayan mumbari, kuma a kusurwar gabas akwai wata tsaga da ɗan yatsa ke shiga. Sau 5 a yini muke shiga ɗakin nan, shekara da shekaru, babu wanda ya lura, saboda kowa na shigowa da gaggawa ya fita da gaggawa, ya bar wa tsohon ladan tsintsiya shi kaɗai.

Wani dattijo ya ce a tuna da Damagaram. Ranar 3 ga Satumba na 2024 tsohon masallacin unguwar Birni, wanda aka gina da ƙasa tun tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe saboda ruwan sama mai yawa na waccan damina, kuma duk mun ga hotunan a wayoyinmu. Nan take gardama ta tashi. Wasu samarin ƴan kasuwa suka ce a daina wahalar banza, a rushe a yi na siminti da kwano, tunda ga masana'antar Malbaza a kusa da mu tana aiki tun shekarun 1960. Maganarsu tana da hujja, kuma ni ba na gaba da siminti, gidana ma da shi na gina. Liman ya saurare su har suka gama, sa'annan ya ce ranar da aka tara kuɗin ba zai hana ba, amma hadarin da ke haɗowa a gabas ba zai jira a tara ba. Aka yi dariya, kowa ya koma bakin aikinsa.

Ni kuwa gardamar ta tuna mini da Yama, wani gari a ƙasar Badagishiri cikin gundumar Illela ta Nijar, inda rangadi ya sha kai ni. A shekarar 1962 dattawan garin suka ɗora wa wani magininsu, Falke Barmu, aikin gina masallacin Juma'a. Kowane gida ya kawo abin da yake iyawa: wasu suka buga tubali, wasu suka ɗauko itace, mata suka yi ta jigilar ruwa. Daga 1975 ya sake gyara rufin ya yi masa ƙubba, aka tayar da hasumiya 4 a kusurwoyi, kowace da irin fasalinta, aikin ya kai har 1982. A shekarar 1986 ginin ya sami lambar yabo ta Aga Khan, wadda maginan duniya ke takara a kanta, aka ji sunan ƙauyen a ƙasashen da mutanensa ba su taɓa zuwa ba. Abin da na lura da shi a can shi ne yadda mutanen garin ke magana a kan ginin. Wanda duk ka tambaya sai ya nuna maka wani sashe ya ce nan ubansa ya yi aiki, ko nan shi da kansa ya yaɓa. Ginin ƙasa yana da wannan hali: in aka yi sakaci da shi sai ya narke, saboda haka yakan tilasta wa mutanensa su taru a kai a kai, masu shiri da marasa shiri.

Kafin hantsi aiki ya kankama. Amalanken jaki ya kawo jar ƙasa, ƴan ga-ruwa suka cika duro 3, samarin fadar unguwa suka naɗe wando suka shiga kwaɓi suna tattakawa da ƙafa, ana zuba musu ciyawa. Mata suka kwashe tabarmi zuwa bakin famfo, wasu suka share haraba da wurin alwala, wasu suka aiko da ƙwaryar fura da ƙosai. Na ga wani babban jami'in dwan, wanda a kan iyaka sai an yi masa magana a tsaye, yana kwasar kashin jemage da faifai, wani ɗan tebur mai sayar da ashana yana ba shi umarni, yana cewa bai share kusurwa da kyau ba. Tsofaffi suka ce rabon da su ga irin wannan tun zamanin Samariya, lokacin mulkin Seyni Kunce, sa'ad da ake tara matasa su gina azuzuwa su share tituna. Wani ya amsa musu da cewa a wancan lokaci akwai tsoron hukuma a ciki, yau kuwa tsohon ladan kawai ake jin kunya.

Ni dai na kama tsani kamar yadda aka umarce ni, ina ta kallon ƙasa. Can sai magini ya ce a tashi a yi sahu, za a fara jefa curi zuwa rufi. Wanda bai taɓa wannan aiki ba, ga yadda yake: na ƙasa yakan dunƙula kwaɓaɓɓiyar ƙasa kamar kan jariri, ya jefa sama, na kan rufi ya cafe ya miƙa wa magini. Dole mai jifa ya dubi mai cafewa, dole kuma ɗaya ya yi wa ɗaya magana, in ba haka ba curin ya dawo a kan wani. Ladan ya kama hannuna ya tsayar da ni a gindin bangon gabas. Da na ɗaga kai, wanda ke tsugune a bakin rufi yana jira shi ne taubashina. Har yau ina zargin tsohon nan da shirya wannan, shi kuwa ya rantse ikon Allah ne.

Na jefa na farko ban ce komai ba, bai kai ba, ya faɗo ya tarwatse a gabana. Na jefa na biyu ya bugi indararo. Jama'a suka fara dariya. Sai na ji murya daga sama, muryar da na yi kusan shekara 2 ban ji ta kira ni ba: “Kai malamin gona, hannun biro ne wannan? Jefo da ƙarfi, ko kuɗin fansho kake ƙirgawa?” Kafin in yi tunani bakina ya riga ni: “Yi shiru bawana, cafe dai, in ka iya riƙe abin mutane!” Da maganar ta fita sai gabana ya faɗi, domin ta taɓa gyambon. Wurin ya yi tsit. Ya dube ni, na dube shi, sai ya tuntsire da dariya har ya kusa zamowa, ya ce: “Ka ci wannan, ɗan kawu. Jefo!” Na jefa na uku ya cafe. Muka yi ta yi har azahar, bayana da na yi wa ƙaryar ciwo ya fara ciwon gaske.

Bayan la'asar aka mayar da kaya, ɗakin na ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da turaren wuta. An sauya azara 2, an toshe tsagar, an zuba sabon yashi a haraba. Muna zaune a gindin bango muna wanke ƙafa, sai ya matso kusa da ni ya yi magana ƙasa-ƙasa. Ya ce abin da ya hana shi zuwa wurina tun farko kunya ce, domin ya san kuɗin na tsufana ne, kuma bai san da wane baki zai ce mini sun ruɓe a hanya ba. Da saƙona ya iso masa ta bakin wani, sai ya ji kamar na tsayar da shi tsirara a kasuwa. Na ce masa ni kuma shirunsa na ɗauka raini ne. Bashin bai tafi ko'ina ba, jika 400 suna nan a kansa, kuma ban yafe ba, domin ina da iyali. Mun dai yi magana a gaban liman, aka rubuta, ya ɗauki alkawarin biya kashi-kashi bayan kowane cinikin albasa.

Ƴan'uwana ma'aikata da ƴan kasuwa, mu ne muka fi kowa iya aika kuɗi a madadin kanmu. Ana biki mu aika, ana zaman makoki mu aika, ana gayya mu aika, har mun fara ɗaukar ambulan kamar wani wakili mai ƙafa. Kuɗin suna da amfani, da su aka sayi azara da sukari, kuma da leburori aka ɗauka da sun yi yaɓen ya fi namu kyau. Sai dai da na yi zamana a gida ranar nan, da masallaci ya sha gyara, ni da ɗan gwaggona kuma muna nan kowa da ƙofar fitarsa. Saboda haka nake roƙon limamai da masu unguwanni, daga Ƙonni har Malbaza da Illela, su sa wa wannan aiki rana sananniya a ƙarshen Zulhajji, ko masallacin na ƙasa ne ko na siminti, kuma in mai hali ya aiko da ambulan su karɓa su gode, sa'annan su aika a kira shi.

Ranar 10 ga Muharram na 1447, da hantsi, na ji ana shara a ƙofar gidana da ƙarfi, ƙura na shigowa har zaure. Na fito na tarar da Alhaji guda, da babbar riga da hula, riƙe da guntuwar tsintsiya, yara sun kewaye shi suna dariya. Na miƙa masa dala 100. Ya juya ta a hannu ya ce wannan ta bana ce, saura ta bara, kuma tunda ni ma'aikaci ne na san abin da ake kira bashin albashi. Na ƙara masa wata dala 100, na ce ya cire daga abin da nake binsa, ya ce ai ba a haɗa lissafin kasuwa da na gado. Daga nan muka wuce gidan gwaggo tare domin cin tuwon cika-ciki. Allah ya maimaita mana, ya sa mu ga ta baɗi da rai da lafiya.